Galmar da Muke Bugawa Ranar Lahadi

Ɗiyata Rahila ta mutu da yunwa a shekarar da ruwa ya ɗauke, ni kuma na je na kwance ƙararrawar majami'armu na yi noma da ita. Abin da ya faru ke nan. Sauran duk bayani ne.

Bana ne abin ya dawo mini sabo. Ruwa ya yi jinkiri a Gusau. Hadari ya haɗu a gabas, ya yi baƙi, sai iska ta kwashe shi ta bar mu da zafi. Wata rana da la'asar ina zaune a ƙofar ɗaki, Rifkatu matar ɗana Dauda tana tsince wake a faifai. Bara 'yan bindiga suka kashe mata miji a hanyar Tsafe. Ba ta ɗaga kai ba ta ce, “Baba, wai Allah yana ganinmu kuwa?”

Na san tambayar. Na yi ta tun ba a haifi Rifkatu ba.

Ƙauyenmu yana bayan Karakkai, a ƙasar Bungudu. Yawancin mutanensa Musulmi ne. Mu gidaje kaɗan ne masu bin Yesu, 'ya'yan Maguzawa. Majami'armu ɗakin laka ce mai jinka, ba mu da ƙararrawa irin ta birni. Da ubana ya bar tsafi a tsufansa, sai ya ba da tsohuwar galmarsa, wadda mutanen gabas ke ce wa garma, babbar nan ta huɗa. Aka cire ƙotar, aka rataye ƙarfen a reshen tsamiyar da ke ƙofar majami'a. Ranar Lahadi Malam Iliya, mai bisharar da aka turo mana, yakan buga ta da guntun ƙarfe. Har gonakin bakin rafi ana jin ta.

A waccan shekara damina ta fara lafiya. Muka yi shuka, muka yi noman farko, muka yi maimai. Gero ya yi ciki, ya fara fitar da kai, sai sama ta bushe. Kullum da safe mu fito mu dubi gabas, ba komai. Ganye ya naɗe, ya yi fari, ya mutu a tsaye. Abin da na girba bai rufe gindin rumbu ba.

Muka ci wannan da dabara. Saratu matata ta bar tuwo ta koma kunu, kunun kuma ya yi ta tsinkewa har ana ganin gindin ƙwarya ta cikinsa. Muka sayar da awaki. Muka ci dusa. Mata suka shiga daji neman yaɗiya da aduwa, maza suna tonon gidan tururuwa saboda ɗan hatsin da suka tara. Na yi wannan. Na durƙusa ina ƙwace abincin tururuwa, suna cizona, ina sheƙe ƙasa a tafin hannu.

Yunwa ba ciwon ciki ba ce kamar yadda masu ƙoshi ke zato. Ciwon cikin yana wucewa. Abin da ke zama shi ne sanyin gwiwa, da jiri in ka miƙe, da fushi ba dalili. Da bazara ta kama, zafi ya danne gari, fushin ma ya tafi. Yara suka daina wasa. Turmi ya yi shiru a kowane gida.

'Ya'yana biyu ne a lokacin, Rahila da ƙanenta Dauda da ke goye. Rahila ba ta kai aikin gona ba, amma ta iya kai mini fura, tana tafe tana waƙar majami'a tana ɓata kalmomin. Ƙyanda ta shigo ƙauye ta same ta ba ƙarfi. Na sayar da galmata a kasuwar Bungudu na kai yarinyar asibiti a Gusau. Suka yi abin da za su iya. Matar da ta duba ta ta ce mini abinci take bukata. Na ce na sani.

Ban iya karatu ba, amma na iya roƙo. Na roƙa a tsaye, na roƙa a durƙushe, na yi azumi a kan yunwa. Ta mutu da hantsi a cinyar uwarta.

Ba mu da maƙabarta tamu, sai muka sa ta a gefen gonata, gindin gawo. Ƙasa ta yi tauri, sai da Malam Sani maƙeri, maƙwabcina Musulmi, ya zo da diga muka haƙa tare.

Ba a daɗe ba ruwa ya sauka. Ruwa mai yawa. Ƙasa ta yi ƙamshi, mata suka fito suna guɗa. Ni na tsaya a ƙofar ɗaki ina kallon sama. Na ce, “Ashe kana da shi.” Tun daga ranar ban sake shiga majami'a ba.

Saratu ta zaro zangarnun iri daga cikin jinka, saman murhu, inda hayaƙi ke korar ƙwari. Ban san da su ba. Har ta bar duniya ban tambaye ta yadda ta iya ɓoye su ba. Muka shuka. Muka yi noma da ɗan guntun hauyar da ta rage. Gero ya tashi kore shar, ya kai gwiwa, lokacin huɗa ya zo. Wanda ya san gero ya san in ba a tara masa ƙasa a gindi ba, ruwa zai gudu ya bar shi, iska kuma ta kwantar da shi. Ni ba ni da galma. Ba ni kaɗai ba, duk gidajenmu an kai ta kasuwa an ci.

Ranar wata Lahadi da safe na tafi gindin tsamiya na hau. Ina cikin kwance igiya sai ga Malam Iliya da guntun ƙarfensa a hannu. Siririn mutum ne tun asali, yunwa kuma ta ƙara rage shi.

“Tanko, mi kaka yi nan sama?”

“Galmar ubana nika ɗauka.”

“To da mi za mu kira mutane?”

“Ka kira su da baki, Malam. Ni da baki na kira wanda kuke shiga ku yi wa waƙa, har muryata ta dushe. Bai zo ba.”

Na zaci zai yi mini wa'azi. Sai ya ajiye ƙarfensa a ƙasa, ya matso ya ɗaga hannu biyu ya tallafi galmar.

“Kwance a hankali,” in ji shi. “In ta faɗo a ƙafata, kai za ka yi wa'azin yau.”

Daga nan na wuce maƙera. Malam Sani ya juya ƙarfen, ya ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa, ya dube ni.

“Wagga ba ita ce ke cika muna kunne ranar Lahadi ba? Ashe zan huta. Malaminku ya sani?”

“Shi ya riƙe mini ita na kwance.”

“Ku dai ba a gane muku,” ya ce. “Zauna ka ja zuga-zugi.”

Ya toshe tsagar da ke gefenta, ya koɗa bakinta, ya sa mata ƙotar marke. Da na tambayi ladansa, sai ya ce in ta gama zagayen gidajenmu ta biyo ta gonarsa, don shi ma ƙarfen da zai ƙera tasa ya sayar.

Mai yunwa ba ya iya huɗa shi kaɗai. Galma tana da nauyi, kana sunkuye kana jan ƙasa. Ka ja kunya ɗaya ido ya yi duhu. Washegari ina zaune a bakin kunya ina haki, sai ga Malam Iliya ya naɗe ƙafar wando. Bai gaishe ni ba, ni ma ban gaishe shi ba. Ya ɗauki galmar ya kama kunya ta gaba. Bai iya ba. Kunyarsa ta karkace kamar hanyar maciji, tafin hannunsa ya yi bororo. Da ya kai ƙarshe ya ɗauki dutse ya buga ƙarfen don laka ta zube, sai ta yi ƙarar nan da kowa ya sani. Kafin hantsi ya ɗaga mutum biyu sun zo ganin abin da ya faru, suka tsaya, suka karɓi layi.

Haka muka yi. Galma ɗaya, maza suna karɓa-karɓa, kowa kunya ɗaya ya miƙa wa na bayansa ya je ya kwanta a ƙasa. In an gama gonar wannan a wuce ta wancan. Mata suna kawo dafaffen tafasa da rama, ba ƙuli, ba gishirin kirki. Muna ci, ciki yana ƙugi, mu tashi.

Wata rana da azahar muna hutawa gindin gawon nan. Gawo ba ya da ganye da damina, don haka inuwar suna ce kawai. Kabarin Rahila yana gefenmu, ciyawa ta fara rufe shi. Na ce, “Malam, mutumin nan da ka taɓa karanta muna, wanda ya rasa 'ya'yansa da dukiyarsa, daga baya aka ba shi wasu.”

“Na'am.”

“Na farkon fa? Waɗanda ɗaki ya faɗa wa. Su mi suka yi?”

Ya ce, “Ban sani ba, Tanko.”

“To mi kaka karantawa dare da rana?”

“Na duba, ban ga amsar da za ta ishe ka ba. Ni ma ba ta ishe ni ba. Abin da na gani kawai, Yesu ma da yana rataye ya tambayi dalilin da aka yashe shi. Ba a amsa masa a ranar ba.”

“To amfanin mi?”

“Ban ce maka na sani ba. Miƙo galma, layina ne.”

Da ya ba ni wata amsa mai daɗi, da na tsane shi. Wannan kuwa na kasa tsanarsa.

Muna tsakiyar zagaye ruwa ya sake ɗaukewa. Rana ta buɗe, ganyen gero ya fara naɗewa da tsakar rana, irin naɗewar bara. Tsoro ya shiga mutane, kuma mai tsoro yana neman wanda zai ɗora wa laifi. Dattijo Haruna, babban dattijon ikilisiyarmu, ya same ni a gona da mutane a bayansa.

“Tanko, ka sauke abin Allah ka tsoma a laka. Mi kaka jira ban da fari? Ka mayar da ita yau.”

“Dattijo, bara tana rataye ruwa ya ɗauke. Wa ya sauke ta bara?”

“Kada ka yi mini rashin kunya. Allah ba ya hukunci banza. Wataƙila akwai abin da gidanku bai tuba a kai ba tun zamanin tsafin ubanka.”

Na ce, “In laifin gidanmu ne, ga ni ƙato, mi ya kai shi ga yarinya? Kuma ban ji ka ce a mayar da ita ba ranar da take huɗa gonarka. Saura gonar Talatu, da mijinta ya mutu da rani, saura ta Malam Sani. Sai an gama su za ta hau itace.”

Suka tafi suna gunaguni. Wasu suka daina zuwa karɓar layi. Na san in gero ya ƙone bana, sunana za a kira, kuma ba zan iya zama a ƙauyen ba. Wannan bai dame ni ba kamar abin da ke cikina. Ina jan kunya ina ce wa Allah, in kai ne ka ɗauke ruwa saboda tsohon ƙarfe, to ba kai ne wanda ubana ya bar tsafi dominsa ba.

Da na koma gida Saratu tana dama wa Dauda ɗan kunun dusa. Ta ce, “Na ji ka yau daga bakin rafi kana ta magana.”

“Da wa?”

“Da wanda ka ce ka bari. Tun da Rahila ta tafi ka fi Malam yi masa magana. Shi safe da yamma yake yi, kai wuni kake.”

“Faɗa nika yi, ba addu'a ba.”

“Ni ma na haife ta,” ta ce. “Kai kana masa faɗa, ni ina masa kuka. Ban ga wanda ya juya masa baya a cikinmu ba. Riƙe yaron nan in sauke tukunya.”

Na riƙe yaron.

Lahadi ta zo. Ina gona da safe, ba aiki nake ba, zaune nake kusa da kabarin, galma tana jingine a gawo. Sai ga Malam Iliya da littafinsa a hammata. Ya ɗauki dutse ya shiga buga ta, kamar yadda yake yi a gindin tsamiya. Na ce mi ke nan. Ya ce, “Inda ƙararrawa take, nan ake sujada.”

Mutane suka fara zuwa ta cikin gero, mata da goyo, tsofaffi da sanda. Dattijo Haruna ne ƙarshe, fuska a ɗaure, amma ya zo. Suka yi waƙa, murya ba ƙarfi. Ni ina gefe. Da aka zo addu'a Malam ya ce, “Tanko, gonarka ce. Kai za ka yi.”

Na so in ƙi. Sai na ga Saratu tana kallona. Na miƙe, ban rufe ido ba. Na ce, “Ka ɗauki Rahila, ban yarda ba, kuma ba ka gaya mini dalili ba. Ga ta nan kwance. Ga Dauda saura, ga 'ya'yan mutane. Mun huɗa iyakar ƙarfinmu. Ruwa naka ne. Ka ba mu.”

Na zaci Dattijo zai tsawata. Talatu ce ta fara cewa amin, da ƙarfi, sauran suka bi.

Kada wani ya ce na ce addu'ata ta kawo ruwa. Bai zo ranar ba, bai zo washegari ba. Amma waɗanda suka daina zuwa sun dawo layi. Muka huɗa gonar Talatu ƙasa tana ƙura, muka huɗa ta Malam Sani, shi yana gaba yana yi wa Malam Iliya dariyar karkatacciyar kunya. Ranar kasuwar Bungudu da la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin. Iska ta zo da farko, irin mai kwashe jinka, sannan ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Na tsaya a tsakiyar gona ya jiƙa ni har ƙashi. Da ya tsagaita, ruwa yana kwance tsakanin kunya da kunya, bai gudu ba, gero kuma yana tsaye. A gonakin da ba a samu huɗawa ba ya kwanta a laka.

Daga nan bai sake ɗaukewa ba. Gero ya fitar da kai, ya yi bunni, ya yi ido. Ranar da Saratu ta gasa tumun farko, ƙamshin ya cika gidan, ta murza a tafin hannu ta hura ta sa wa Dauda a baki. Ya tauna, ya miƙo hannu yana neman ƙari. Na ci nawa, na fita waje na daɗe ina tuna Rahila.

Da kaka rumbuna ya cika har na yi wa ragowar dammunan rufi a waje. Turmi ya dawo da ƙara a kowane gida. Na cire ƙotar galma, na wanke ƙarfen, na hau tsamiya na ɗaure. Malam ya buga. Ƙasa ta cinye bakinta, ta yi siriri, muryarta ta ƙara kaifi.

“Ka lalata mata murya,” in ji Dattijo Haruna.

Talatu ta ce, “Wahala ta sha, Dattijo, kamar mu. Kai ma taka muryar ba ta bara ba ce.”

Aka yi dariya, har da shi. Na shiga na zauna a wurina na da.

Tun daga shekarar abin ya zama al'adarmu. In lokacin huɗa ya zo a sauke ƙararrawa, a sa mata ƙota, ta bi gonakin gwauraye da marasa ƙarfi, namu da na maƙwabta. Da kaka ta koma kan itace. Dattijo Haruna da kansa yake tuna mana in mun yi jinkiri.

Dauda ya rayu. An bar mini shi har furfura ta fito masa a gemu, ya haifi 'ya'ya, sannan aka kashe shi a hanya yana dawowa daga kasuwa. Wannan ma na sa a cikin tambayata. Malam Iliya ya rasu, Saratu ta rasu, Malam Sani ya rasu. Da 'yan bindiga suka tashe mu daga ƙauye, mutane suna ɗaukar tukwane da katifa, ni tsamiya na hau da tsufana. Yanzu a wani itacen dogon yaro muke rataye galmar, a bayan garin Gusau, inda mu da muka gudo muke taruwa ranar Lahadi.

Abin da na gaya wa Rifkatu ranar nan kaɗan ne. Na ce, “Ban sani ba, ɗiyata. Ki tambaye shi da kanki, da ƙarfi, kada ki ji kunya. Na fi ki daɗewa ina yi, bai kore ni ba.” Ta ajiye faifan ta yi kuka mai yawa, irin wanda ba ta yi ba tun ranar da aka kawo gawar.

Ruwa ya zo daga baya. An ara mata gona ta hanyar Wanke, kusa da gari, ta shuka gero da wake. Da lokacin huɗa ya yi na sauke galmar na sa mata ƙota. Matasan yanzu sun ce a nemo shanun huɗa, na ce ku nemo in kun samu, kafin nan ku kama layi. Suka kama. Ni na ja kunyar farko, ban kai ƙarshenta ba sai da na huta, amma na kai. Rifkatu ce ta ɗauki dutse ta buga ƙarfen laka ta zube.

Yanzu ina Gusau, a ɗakin haya ɗaya da jikokina. Idona ɗaya ya mutu, gwiwa ba ta son sanyi. Geron Rifkatu ya wuce kaina, ya yi ido, tsuntsaye muke kora. Amsa ban samu ba, kullum da safe ina tambaya. Da kaka zan mayar da galma kan itace, kuma ni ne mai buga ta.